Yadda Nake Zaɓar Shayin Ulong Mai Ƙamshi, da Yadda Nake Haɗa Shi

Ulong na farko da na saya, an rubuta a jikin gwangwaninsa cewa mai ƙamshin madara ne. Ina buɗe murfin ƙamshi ya daki hancina, kamar an narka alewar madara a cikin man shanu. Kofin farko ya yi daɗi ƙwarai. A zubi na biyu, wato da na sake zuba wa ganyen ruwa, ƙamshin ya ragu da rabi, a na uku kuwa babu shi babu dalilinsa, sai wani ruwa salam mai bauri da ke kama harshe. Daga baya na gane abin da ya faru: ganye ne mara kyau aka fesa wa ƙamshi a sama, ruwan farko ya wanke shi tas. Tun daga ranar, da zubi na uku nake auna kowane ulong, kuma shi ne ma'aunin da nake so ka riƙe.

Ulong ba wata bishiya ce ta daban ba. Shuka ɗaya ce, wadda masana ke kira Camellia sinensis, take ba da koren shayi da baƙin shayi da ulong, bambancin yana hannun masu sarrafawa. Koren shayi ana sa masa zafi da wuri kafin ya sauya launi. Baƙin shayi ana barin iska ta ci shi sosai har ya yi duhu. Ulong yana tsakiyarsu. In an tsinko ganyen sai a shanya shi a rana ya yi yaushi, a shigar da shi inuwa, a riƙa girgiza shi a faifan gora har gefensa ya ƙuje. Inda ya ƙuje nan ne ke yin ja, kamar yadda yankakken tuffa ke sauya launi in an bar shi a buɗe, tsakiyar ganyen kuma ta tsaya kore. Mai aikin da hanci yake sanin ya isa. Sai ya sa wuta ya tsayar da shi, a murza, a busar, wani kuma a gasa shi a kan garwashin gawayi. Shi ya sa za ka ga wani ulong kore shar mai ƙamshin fure, wani kuma ya yi duhu yana ƙamshin gashi da zuma.

Gidansa lardin Fujiyan ne a kudu maso gabashin ƙasar Sin, inda gundumar Anshi ke yin Tieguanyin, tsaunukan Wuyi kuma ke yin Da Hong Pao. Akwai shi a lardin Gwangdong, kuma ya ƙetara ruwa zuwa Taiwan ya samu wurin zama a Dong Ding da Alishan. Sunan daga wulong ne, wato baƙin dodon nan mai siffar maciji na tatsuniyoyin Sinawa.

Daga ina ƙamshin ya fito?

Wannan ce tambayar da za ka fara yi kafin ka saya, domin ƙamshin ulong hanya uku yake zuwa.

Akwai wanda ganyen ne da kansa ya zo da shi, ba a ƙara masa komai ba. A shekarar 1981 cibiyar binciken shayi ta Taiwan ta fitar da wani iri mai lamba 12, ana kiransa Jin Xuan. Shi ne ainihin mai ƙamshin madara, amma nasa ƙamshin a ɓoye yake, sai ka kurɓa ka ji wani santsi kamar na kirim a bayan harshe. Rou Gui na tsaunukan Wuyi, ma'anar sunansa kirfa, kuma da gaske za ka ji ɗan yajin kirfa a cikinsa alhali ko ƙwayar kirfa ba ta taɓa shi ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Dongfang Meiren na Taiwan. Manoma da gangan suke barin wani ɗan ƙwaro kore ya tsotsi ganyen, shukar kuma a ƙoƙarin kare kanta sai ta fitar da sinadaran da ke ba shayin ƙamshin zuma da nunannen ɗan itace. Don haka ne ba a fesa wa gonarsa maganin ƙwari a lokacin da ake son ƙwaron ya zo.

Akwai wanda aka turara da fure na gaske, kuma a nan zuciyata ta fi kwanciya. Furen yasmin da rana ake tsinko shi yana rufe, da dare yake buɗewa. Sai a shimfiɗa ganyen shayi, a shimfiɗa fure, a sake shimfiɗa ganye, a bar su su kwana tare. Ganyen shayi abu ne mai zuƙar duk ƙamshin da ke kusa da shi. Da safe a tsince furen, a busar da ganyen, a sake kawo sabon fure. Mai kyau sau da yawa ake maimaita masa haka, kuma abin da mutane ba su sani ba, yasmin mafi inganci sau tari ba ka ganin fure ko ɗaya a cikinsa, an cire su bayan sun gama aiki. Osmantus kuwa, ƙananan furanni ne ruwan ɗorawa da ke fitowa a lokacin kaka a ƙasar Sin, har birnin Guilin ma sunansa na nufin dajin osmantus. Su akan bar su a cikin ganyen. Ƙamshinsu mai taushi ne, kamar na nunannen ɗan itace da aka ɗiga wa zuma, kuma yana tafiya da ulong mai ɗan gashi tamkar don juna aka yi su.

Na uku shi ne wanda aka fesa wa man ƙamshi ko aka lulluɓe da gari: na kwakwa, na lemu, na wardi, na madara. Ba na kushe shi gaba ɗaya. In ganyen da ke ƙasa mai kyau ne kuma an sa ƙamshin daidai wa daida, abin sha ne mai daɗi. Matsalarsa ita ce a nan ake ɓoye tsohon ganye da dagargazajje.

In za ka saya, karanta abin da aka jera a bayan fakitin. In an rubuta shayi da fure kawai, turarawa ce. In an ambaci ƙamshin da aka ƙara, feshi ne, ko da an kira shi na halitta. Sunsuna busasshen ganyen: ƙamshin da ya cika ɗaki tun kafin ruwa ya taɓa shi, kusan kullum feshi ne. Duba siffarsa, ƙananan ƙulli masu tauri ko dogayen sili a murɗe, ba gari a gindin leda ba. Kuma kada ka sayi mai yawa a karon farko, giram 25 ko 50 sun isa ka san halinsa.

Haɗawa

Kayan aikin ba su da yawa. Ni ina amfani da gaiwan, ɗan kwanon tangaran mai murfi da Sinawa ke haɗa shayi a ciki, mai cin mililita 100 zuwa 120. Ƙaramar butar gilashi ma ta yi. Abin da zan hana ka shi ne butar yumɓu marar sheƙi irin ta garin Yishing na ƙasar Sin. Yumɓun yana shan ƙamshi ya riƙe, in ka haɗa na kwakwa a cikinta sau biyu, duk shayin da ya biyo baya sai ya yi warin kwakwa.

Ruwa ya zama mai tsabta wanda ba ya warin sinadari, domin rabin ɗanɗanon shayi ruwan ne. Ulong kore mai ƙamshin fure yana son zafin digiri 85 zuwa 90. In ba ka da ma'aunin zafi, tafasa ruwan ka buɗe murfin buta ka bar shi kamar minti biyu. Gasasshe mai duhu kuwa yana ɗaukar digiri 95 har zuwa tafasa.

Fara da ɗauraye kwanon da ruwan zafi ka zubar. Zuba ganye giram 5, rufe, girgiza kaɗan, sannan ka ɗaga murfin ka kai hancinka. Wannan ɗumin na kwano yana tayar da ƙamshin da busasshen ganye ke ɓoyewa, kuma ni a nan nake jin daɗin farko. In ganyen ƙulli ne, zuba masa ruwa na daƙiƙa biyar ka zubar don ya fara sakin jiki. In na feshi ne kada ka yi haka, ƙamshin da ka biya kuɗinsa za ka zubar.

Zubin farko, daƙiƙa 25. Na biyu, daƙiƙa 20, domin ganyen ya riga ya buɗe. Na uku 30, daga nan ka riƙa ƙara daƙiƙa goma. Kowane zubi ka tsiyaye ruwan duka har ɗigon ƙarshe. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata wa masu farawa shayi: a bar ɗan ruwa a gindin kwano, ganyen ya ci gaba da jiƙa, zubi na gaba ya fito da ɗaci. Ganye mai kyau zai ba ka zubi biyar zuwa bakwai. In kana sauri kuma babban kofi kake so, giram 3 a ruwa mililita 250, minti uku, ka tace, ganyen zai iya sake ba ka kofi biyu.

Kada ka sa sukari ko madara, aƙalla a karon farko. Kurɓi kaɗan ka ja iska da shi ya zagaya bakinka, ka haɗiye, ka fitar da numfashi ta hanci. A osmantus ɗin da nake sha yanzu, zubin farko fure ne zalla. A na biyu sai garɗin ganyen ya taso ya tarar da furen. A na uku furen ya ja baya kaɗan amma yana nan, kuma bayan haɗiya wani zaƙi mai sanyi yana dawowa daga maƙogwaro, wanda Sinawa ke kira hui gan. In ka kai zubi na uku ka ji wannan, ka samu ganye. In ka gama, sunsuna kofin da babu komai ciki, sannan ka zaro ganye ɗaya ka shimfiɗa a tafin hannu. Wancan ƙullin da bai kai ƙwayar wake ba ya zama cikakken ganye, wani ma biyu ko uku a sanda ɗaya, gefensu da ɗan ja-ja.

Maganar lafiya

Amfanin yana cikin ganyen, ƙamshin da aka ƙara don hanci ne. Ulong yana ɗauke da sinadaran folifenol, waɗanda ke taimaka wa jiki kare ƙwayoyinsa daga lalacewa, da kafeyin, da wani sinadari mai suna tiyanin da ke sa natsuwa. Haɗuwar kafeyin da tiyanin ce ta sa nake zaɓarsa in ina da aikin da ke son hankali: ido ya buɗe ba tare da bugun zuciyar da gahawa ke sa ni ba. Kofi ɗaya yakan ƙunshi kafeyin miligiram 30 zuwa 50, gahawa kuwa tana kaiwa kusan 95.

Batun rage ƙiba ne masu talla suka fi kururutawa. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Tsukuba ta Japan sun ba maza 12 masu lafiya ulong sau biyu a rana har mako biyu, suka ga ƙona kitse a jikinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Sakamako ne mai kyau, amma mutum 12 ne a mako biyu, kuma ƙona kitsen aka auna. A ganina babbar ribar ta fi wannan sauƙi: ulong mai ƙamshi yana shayuwa ba sukari. Wanda ya maye gurbin lemun kwalba da shi ya rage wa jikinsa nauyi mai yawa ba tare da ya ji an hana shi daɗi ba.

Akwai inda za a yi hattara, kuma ina so ka ɗauke su da muhimmanci. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 kafeyin har miligiram 400 a rana ba ya cutar da babban mutum mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Shayi yana rage wa jiki zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mai ƙarancin jini ya bar tazarar awa ɗaya tsakanin cin abinci da shansa. Bar shi ya ɗan huce kafin ka kurɓa: a 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin bututun da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa ciki. Sai kuma ulong mai garin saiwar jinseng, wanda za ka gane shi da siffar ƙananan tsakuwa kore. Sau da yawa ana haɗa garinsa da saiwar likoris, wadda ke ba shi zaƙin nan mai daɗewa a maƙogwaro, ita kuwa tana ɗaga hawan jini in an yawaita. Mai hawan jini, ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, ya tambayi likitansa kafin ya mayar da shi na kullum.

Ajiyarsa a gwangwani mai rufuwa gam, nesa da haske da danshi da kayan yaji, kowane ƙamshi da gwangwaninsa. Koren ulong da wanda aka turara ka shanye su cikin 'yan watanni bayan buɗewa, gasasshe ya fi jure zama.

In ana zafi, ko in ganyen da ka saya ya zo da ɗan bauri, gwada jiƙon sanyi. Giram 10 a ruwan sanyi lita ɗaya, a kwalbar gilashi mai murfi, ka sa a firji da dare. Bayan awa shida zuwa takwas ka tace. Ruwan sanyi ba ya fisgo ɗaci kamar ruwan zafi, sai shayin ya fito garau, launin zinariya mai haske, furen yana gaba. Na yasmin da na osmantus ne suka fi yi mini kyau a haka, kuma ina shanye kwalbar cikin kwana biyu kafin ƙamshin ya gudu.