Kurakuran da aka fi yi wajen yaƙi da ƙuma a jikin kare da kyanwa

Na gaji da jin masu kiwon kare da kyanwa suna kukan cewa maganin ƙuma ba ya aiki, alhali sau da yawa mai dabbar ne ya tsaya a rabin hanya. Ƙumar da ake gani cikin gashin dabba kusan kashi 5 cikin 100 ce ta waɗanda ke gidan. Sauran ƙwayaye ne da tsutsotsi da waɗanda suka naɗe kansu cikin saƙa, suna kwance a shimfiɗar dabbar, da tsagar daɓe, da ƙarƙashin kujera. Macen ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan zubewa yake yi duk inda dabbar ta kwanta. Na cikin saƙar kuwa magani ba ya ratsa su, suna iya yin watanni a haka har sai sun ji ɗumi da motsi su fito. Saboda haka ni ba na dakatar da magani kafin wata 3, kuma kowane mako ina wanke shimfiɗar da ruwan zafi, in share lungu-lungu, in fitar da sharar nan take.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shafa wa kyanwa maganin kare. Yawancin irin wannan ɗanyen aiki da sunan tattali ake yin sa, wai kada ragowar ta lalace. Da yawa daga magungunan kare suna ɗauke da wani sinadarin kashe ƙwari mai suna permethrin, wanda hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa. Na taɓa rasa kyanwa ta wannan hanya, bayan wanda na bar wa gida ya ɗiga mata ragowar na kare. Kafin dare jikinta na karkarwa, yawu na dalala, kunnuwanta na fizga. Don Allah, me zai hana mutum karanta rubutun kwali kafin ya buɗe shi? Ko gogar jikin karen da aka shafa wa, kafin maganin ya bushe, tana iya cutar da kyanwa. In hakan ta faru, a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a garzaya da ita wurin likitan dabbobi. Haka ma fipronil, wani sinadarin da ke cikin wasu magungunan ƙuma, yana iya kashe zomo.

A buɗa gashin ƙeya a ɗiga maganin a kan fata, kada a zuba shi a kan gashi, kuma a jinkirta wanka kwana 2. A auna nauyin dabba, a daina kintace. A yi wa dukan dabbobin gidan magani lokaci guda, har wadda ba ta susa. Kada a yi maganin ƙuma da tafarnuwa ko kananzir, guba ne ga dabbobin. Wanda kuma ya ce dabbarsa ba ta da ƙuma, ya taje ta a kan farar takarda mai danshi: in baƙin garin da ya zubo ya rikiɗe ja, kashin ƙuma ne, kuma sai a haɗa da maganin tsutsar ciki, domin dabba tana kamuwa da ita in ta haɗiye ƙuma wajen lasar jiki.