Kurakuran da baƙo ke yi a gidan abincin gargajiya na Holan

Babban kuskure shi ne ka ga an dama dankalin turawa da ganye ka ce ai wannan babu ruwansa da nama. Stamppot ke nan, tuwon mutanen Holan a lokacin sanyi, kuma alade a ɓoye yake a cikinsa. Tsiran da ake ɗorawa a kai, rookworst, yawanci na alade ne. Sau da yawa kuma an riga an cuɗa ƴan gutsattsarin soyayyen kitsen alade, spekjes, cikin dankalin, don haka ture tsiran gefe ba ya raba ka da shi. Har romon da ake zubawa a ramin da ake yi a tsakiyar dankalin sai ka tambaya da me aka haɗa shi. Miyar wake mai kauri da suke kira snert kuwa, kada ma ka fara. Da alade ake dafa ta tun daga tushe.

Gyaran mai sauƙi ne: haddace kalma uku. Varken alade, spek kitsensa, rund saniya. Hachee naman sa ne da albasa, amma ka sani na sa daban, yankan Musulmi daban, kuma wasu masu girki na zuba giya. In kana son kwanciyar rai, nemi kibbeling, wato soyayyen kifi, ko hutspot ba nama: dankali, karas da albasa, abincin da mutanen Leiden ke ci kowace 3 ga Oktoba don tuna ɗage ƙawanyar da Sifaniyawa suka yi wa garin a 1574.

Sai batun lokaci. Mutanen Holan ƙarfe shida na yamma suke cin abincin dare. Wanda ya yi ta jan ƙafa har tara da rabi, zai iya tarar da an rufe kicin.

Kada ka dogara da tsabar kuɗi, wurare da dama kati kawai suke karɓa. Kuma in Baholande ya ce ku je cin abinci, ba lallai shi zai biya ba. Kowa tasa ta fisshe shi, ba kuma rowa ba ce a wurinsu.

Yaji fa? Babu, gishiri ne da ɗan masoro. Tambayi sambal, barkonon da suka koyo daga Indunusiya. Wani lokaci akan dace a ciro maka daga kicin.