Yadda ake nazarin hoto ɗaya tal daga cikin fim

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a 2018, aka kuma fara bikin fina-finai na Bahar Maliya a Jidda a 2021, hirar fim ta yawaita a tsakanin matasanmu mazauna nan Saudiyya, sai dai galibi a kan labari take tsayawa. Alhali kuwa hotuna 24 ne ke giftawa a kowane sakan, kuma ɗaya daga cikinsu ya isa ya bayyana halin mutum.

Da farko, ka tsayar da fim ɗin a wayarka ko kwamfutarka a daidai wurin da mutum biyu ko uku suke tare, sannan ka rubuta duk abin da idonka ya gani ba tare da ka fassara komai ba tukuna.

Bayan haka sai ka duba mazaunin kowa, domin a nan ne yawancin ma'anar take. A ɗauka falo ne: uwar miji tana kan kujera a tsakiyar hoton, amarya ta durƙusa a gefe da farantin shayi a hannunta, shi kuwa angon yana tsaye a bakin ƙofa, rabin jikinsa a waje. Ko ba a furta kalma ɗaya ba, an gaya maka mai iko da gidan, an kuma nuna maka namijin da ya kasa zaɓar ɓangare, wanda da zarar magana ta yi zafi zai sulale.

Daga nan ka tambayi kanka inda aka girke kyamara. Idan daga ƙasa ta ɗauki uwar mijin, ta ƙara mata kwarjini. Idan daga sama ta leƙo amaryar, ta ƙanƙantar da ita. Haske ma haka yake, domin fuskar da aka bar rabinta cikin inuwa takan nuna mai ɓoye wani abu a ransa.

Sai dai a yi hattara da al'ada. Baƙon ido zai ɗauki sunkuyar da kan amarya a matsayin tsoro, alhali a wurin Bahaushe kunya ce da ladabi, don haka ka dubi hannuwanta, ko a sake suke ko ta damƙe farantin.

A ƙarshe ka saki fim ɗin ka ga hoton da ya gabata da wanda ya biyo baya, domin suna iya sauya ma'anarsa. Lev Kuleshov, daraktan nan na Rasha, ya taɓa haɗa hoton fuska ɗaya da na kwanon miya, sannan da na akwatin gawa, sannan da na wata mace, masu kallo suka ga yunwa, da baƙin ciki, da sha'awa a fuskar, alhali ba ta sauya ba. Idan maƙwabtan hoton sun saɓa wa fassararka, ka koma kan abin da ka rubuta tun farko ka nemo abin da ka tsallake.