Yadda za ka tace labarin harin ta'addanci kafin ka fassara shi

Idan labarin hari ya shigo daga kafofin ƙasashen waje, fara duba wanda ya ce maharin Musulmi ne. 'Yan sanda ne suka faɗa, ko mai sharhi ne yake hasashe a talabijin? A sa'o'in farko aka fi yin kuskure. A 1995 an yi ta nuna yatsa ga Larabawa kan bam ɗin Oklahoma a Amurka da ya kashe mutum 168, ashe Timothy McVeigh ne. A Norway ma, ranar 22 ga Yuli 2011, wasu jaridu sun ɗora wa Alƙa'ida laifi kafin a gane Anders Breivik ne ya kashe mutum 77. A harin masallacin Quebec da ke Kanada na 2017, ɗan asalin Maroko da tashar Fox News ta Amurka ta ce shi ake zargi, shaida ne kawai. In babu tabbatacciyar majiya, ka bar addinin mutum da asalinsa, ka jira.

Sai kalmomi, kuma a nan mai fassara ya fi yin ɓarna. "Masu kishin Islama" yabo ne a kunnen Bahaushe, bai dace da masu kisa ba. Ambaci sunan ƙungiyar, ko ka ce "masu iƙirarin jihadi". Gwada wannan: sauya sunan maharin da na wani addini, ka sake karanta kanun. In "ɗan ta'adda" ya koma "mai taɓin hankali", ma'aunin ba ɗaya ba ne.

Alƙaluman binciken jin ra'ayin jama'a kuwa, nemo ainihin tambayar da aka yi wa mutane. A 2015 jaridar The Sun ta Birtaniya ta ce ɗaya cikin biyar na Musulmin Birtaniya na tausaya wa 'yan jihadi, alhali tambayar ta shafi matasan da ke tafiya yaƙi Siriya ne, ba ta ambaci ƙungiyar IS ba. Hukumar IPSO mai sa ido kan jaridun Birtaniya ta yanke cewa kanun ya ɓatar da masu karatu.

Kada ka manta da waɗanda aka kashe. A harin babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamba 2014, fiye da mutum 100 da suka rasu masallata ne. Labarin da ya faɗi addinin maharin ya yi shiru a kan nasu, mayar wa edita shi a gyara.