Kafin ka ƙara girman rim ko ka sauke motarka ƙasa

Jama'a da yawa suna ganin babban rim su ce kai ya yi kyau, to amma ka fara duba lambar da ke jikin tayarka tukuna. Misali kana kan 205/55 R16 (wato faɗin taya milimita 205, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, rim inci 16) kana son hawa rim inci 17, nemi 225/45 R17, tsayinsu kusan ɗaya ne, wajen milimita 632 da 634. In tsayin taya ya canza sosai mitar gudu za ta riƙa yi maka ƙarya.

Babban rim yawanci ya fi nauyi, motar za ta rage kuzari wajen tashi, mai ma ya ɗan ƙaru, ga robar ta zama siririya duk ramin da ka faɗa sai ka ji shi har ƙugunka, rim ɗin ma yana iya lanƙwasa. Amma a kwana kam tana kama titi, wannan gaskiya ne.

Sauke mota kuwa, don Allah kar ka bari a yanke maka sifirin, sayi wanda aka yi don hakan. Bayan an sauke murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka ɗora mutane a baya ka ga ko taya na gogar madigadi, ka leƙa salansa da bamba, sannan ka je a yi alaimen in ba haka ba taya za ta cinye gefe ɗaya.