Yadda Ake Yawon Wasan Rufa Ido Kasuwa-Kasuwa

Duk yaron da ya zo min da maganar koyon rufa ido, ƙwandala ɗaya nake miƙa masa, in ce ya dawo bayan wata uku. Aikin ke nan: ka riƙe ta da yatsun hagu, ka kawo hannun dama kamar za ka ɗauka, ka sake ta ta faɗa cikin tafin hagun, ka dunƙule daman ka ɗaga sama. Idonka ya bi hannun da babu komai, domin inda ka duba nan jama'a za su duba. Ka yi ta yi a gaban madubi har kai kanka ka fara shakkar inda ta shiga. Yawancin yaran ba sa dawowa, laya suka zo nema.

In hannu ya faɗa, sai hanya. Ranar kasuwa ake bi. Ni zagayena Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, in huta Asabar, Lahadi in kwana Dambatta. Kada ka maimaita kasuwa ɗaya mako biyu a jere, yaran gari sun fi ka sa ido. Da damina kuma ka koma gona, ba wanda zai ba ka kuɗi kafin kaka.

Da ka sauka, kafin ka buɗe jaka, je ka gai da sarkin kasuwa, ka faɗa masa abin da ya kawo ka, ka ajiye ɗan goro. Sannan ka nemi wurin da bango ko babbar mota ke bayanka. Wannan ba abin wasa ba ne. Na taɓa shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya, ashe wani yaro na can sama yana kallon tafin hannuna, ya kwala ihu: "Ga ta nan a hagu!" Ranar ko kuɗin mota ban tashi da shi ba.

Ka samu makaɗi, shi ke tara mutane, kuma kiɗansa ke rufe ƙarar abin da ba ka so a ji. Kuɗi kuwa a tsakiyar wasa ake karɓa. Ka faɗi babban abin da za ka yi, ka tsaya, yaronka ya zaga da faifai. In ka bari sai ka gama, taro ya watse.

Ga inda na fi matsa wa duk wanda na koyar. Tun farkon wasa ka faɗa da bakinka cewa dabarar hannu ce, babu aljani, babu tsafi. Wasu na ganin kirarin aljanu ya fi kawo kuɗi. Yana kawowa, amma ranar da wani abu ya ɓata a kasuwar, ko wani ya tashi ya ce an shafe masa gaba, kai za a fara nema, kuma taro ba ya sauraron bayani. Wasan ninka kuɗi ma ka bar shi kwata-kwata, sana'ar 'yan damfara ce, da ka yi shi ka zama ɗaya da su a idon hukuma.

Masu burin babban dandamali kan ambaci Farfesa Peller, mutumin Iseyin da ya shahara da wasan raba matarsa gida biyu, wanda 'yan bindiga suka kashe a gidansa na Ibadan a 1997. Irin nasa wasan na bukatar akwatuna, fitilu da motar ɗaukar kaya. Kai dai fara da abin da jaka ɗaya za ta ɗauka: ƙwandala, igiya, kofuna uku, da gyale mai kauri wanda rana ba ta ratsa shi.