Yadda ake gina Sarkin Yaƙi mai amana a labarin masarautar almara

A cikin taurarin labarin yaƙi da sarauta, babu wanda ya fi saurin zama gunki kamar barden da ba ya cin amana. Marubuci zai ba shi takobi, ya ba shi ƙirji, ya sa masa "ranka ya daɗe" a baki, daga nan sai ya bar shi tsaye a bayan karagar mulki har littafi ya ƙare. Mai karatu ya san abin da zai yi tun kafin ya yi, don haka ba ya tsoron komai a kansa. Maganin wannan shi ne a gane cewa amana ba ta zama labari sai ranar da abubuwa biyu da barden ya rantse zai kare suka raba hanya.

Fara da tambayar: amanar wa yake riƙe da ita?

Kafin ka rubuta layi ɗaya, zaɓi abu guda daga cikin waɗannan ka sa shi a sama: sarkin da ke kan gado a matsayinsa na mutum, ita kanta karagar ko waye ya hau ta, rantsuwar da ya yi da bakinsa, dakarun da ke bin sa, ko talakawan ƙasar. Sannan ka zaɓi na biyu, wanda yake kusa da na farko ƙwarai. A lokacin zaman lafiya duka biyun hanyarsu ɗaya, shi kansa barden bai san akwai bambanci ba. Aikin rikicin fada shi ne ya tsaga su. Idan amanarsa ga tsohon sarki ce a matsayin mutum, mutuwar sarkin za ta bar shi babu alƙibla, kuma kowane ɗan sarki zai zo yana cewa "abin da mahaifina yake so ke nan". Idan amanarsa ga karaga ce, to ranar da azzalumi ya hau ta bisa ƙa'ida, dole ya tsare ƙofar mutumin da yake ƙi.

Tarihin Ingila yana da misali mai kyau na nau'i na biyu, wato amana ga karaga. A shekarar 1189, wani barde mai suna Wiliyam Mashal yana kare Sarki Hanri na biyu daga ɗansa Ricad da ya yi masa tawaye, har ya kashe dokin da Ricad yake kai. Ba a daɗe ba Hanri ya rasu, Ricad ya zama sarki, kuma maimakon ya hukunta Mashal sai ya riƙe shi ya ɗaukaka shi. Lissafin Ricad a fili yake: wanda ya tsaya wa mahaifina har ƙarshe zai tsaya mini. Irin wannan lissafin ne ya kamata masu neman sarauta a labarinka su riƙa yi game da bardenka.

Daga nan sai ka ba amanar tushe. Kalmar "haka aka halicce shi" ba ta isa ba. Ka nemo bashi: sarki ya fanshe shi daga bauta, ko ya yafe wa mahaifinsa hukuncin kisa, ko ya ɗaga shi sama da 'ya'yan manyan gida alhali shi ba ɗan kowa ba ne. Bashi yana da amfani domin ana iya tambayar ko an gama biyansa, kuma ana iya gano daga baya cewa alherin da aka yi masa da wata manufa aka yi shi.

Ka san abin da yake riƙe da shi a hannu

Nan ne yawancin labarai suke yin rauni, kuma nan ne ya fi cancantar a ɓata lokaci. Ka rubuta wa kanka a gefe: mutum nawa ne a ƙarƙashinsa, nawa ne mahaya, nawa ne 'yan ƙasa, nawa ne 'yan baka, wa yake biyan su, kuma wa ya naɗa manyan da ke ƙarƙashinsa. Shugaban dogaran fada mai mutum 300 a cikin birni ya fi Sarkin Yaƙi mai mutum 10,000 a bakin iyaka tasiri a daren da sarki ya mutu, domin shi ne yake riƙe da ƙofa. Rumawa sun ga wannan a shekarar 193, lokacin da dakarun tsaron sarki suka kashe Sarki Fatinaks suka kuma miƙa sarautar ga wanda ya yi musu alkawarin kuɗi mafi tsoka. Wanda ya saya bai wuce wata biyu da 'yan kwanaki a kai ba, domin rundunonin bakin iyaka sun taso. Saboda haka ka yanke shawara tun farko: naka barden na ƙofa ne ko na iyaka? Na ƙofa yana jin kowace raɗa amma ƙarfinsa kaɗan ne. Na iyaka yana da ƙarfi amma labari yana iske shi a makare.

Wannan jinkirin labari makami ne a hannun marubuci. Mahayi a kan doki ɗaya yana iya cin kilomita 50 zuwa 60 a yini idan tafiyar ta kwanaki ce. Runduna mai kaya da dabbobi kuwa kilomita 15 zuwa 20 take yi. Idan bakin iyaka yana da nisan kilomita 400 daga fada, wasiƙa za ta ɗauki kimanin mako guda, amsa ta ɗauki wani makon, ita kuma runduna sai ta yi kwana 20 ko fiye kafin ta iso. Ma'ana, umarnin da barden yake karantawa yau sarki ne ya ba da shi mako guda da ya wuce, kuma mai yiwuwa sarkin ba ya raye, ko hatiminsa yana hannun waziri. Shin zai bi umarnin? Babi guda ke nan cur, ba tare da an zare takobi ba.

Sai batun ciki. Soja a tafiya yana buƙatar kimanin kilo ɗaya na hatsi a yini. Dokin yaƙi yana cin wajen kilo 5 na hatsi ban da ciyawa, yana kuma shan ruwa lita 30 ko fiye. Runduna mai dakaru 5,000 da dawakai 1,000 tana cinye tan 10 na hatsi kowace rana, wato kayan raƙuma 50 zuwa 70. Wanda yake riƙe da rumbun masarauta yana riƙe da wuyan Sarkin Yaƙi. Maƙiyinsa a fada ba ya buƙatar guba ko ɗan kisa. Ya isa ya jinkirta ayarin abinci da kwana goma, ko ya riƙe albashin wata uku. Daga nan barden zai zaɓa tsakanin ya bar mutanensa da yunwa, ko ya ƙwace hatsin talakawan da ya rantse zai kare, ko ya juya runduna zuwa fada, wanda kowa zai kira tawaye. Babu ƙofa mai tsabta a cikin ukun, kuma abin da ake nema ke nan.

Dalilin da zai sa sarki ya ji tsoron mai ƙaunarsa

Marubuta da dama suna sa sarki ya juya wa bardensa baya saboda wani mugun waziri ya yi masa tsegumi. Wannan yana mayar da sarkin wawa. Gaskiyar ta fi haka ɗaci: duk lokacin da barde ya ci yaƙi, dakaru suna ƙara son sa, kuma sarki ba shi da hanyar leƙa zuciyarsa. Abin da sarki yake iya gani shi ne mutum mai runduna wanda maroƙa suke wasawa fiye da shi.

Balisariyas, kwamandan Sarki Jastiniyan na Rumawan Gabas, ya ci birnin Kartaj a shekarar 533. A 540, lokacin da ya kewaye birnin Rabenna, abokan gaba suka yi masa tayin sarauta. Ya nuna kamar ya amsa, aka buɗe masa ƙofa, ya shiga ya karɓe birnin da sunan ubangidansa. Amana ce tsantsa, amma abin da ya isa kunnen fada shi ne cewa an yi masa tayin kambi har ya ce to. Aka kira shi gida. A 562 aka zarge shi da hannu a maƙarƙashiya, aka wanke shi a shekarar da ta biyo, ya rasu a 565. A ƙasar Sin kuwa, an janye kwamanda Yuwe Fei daga fagen fama a 1140 yana cikin samun nasara, domin fada ta zaɓi sulhu, aka kashe shi a farkon 1142. Dukansu biyu sun bi umarnin komawa gida.

Darasin rubutu a nan shi ne ka ba sarki da waziri hujja ta gaske. Wazirin yana iya zama mai gaskiya da ya ce baitulmali ba zai ɗauki wata shekarar yaƙi ba. Idan mai karatu ya rufe babi yana cewa "to ai shi ma wazirin bai yi ƙarya ba", ka ci nasara.

Jera jarrabawa daga ƙarama zuwa babba

Umarni uku sun isa littafi guda. Na farko ya taɓa mutuncinsa: a naɗa wani yaro ɗan gata a kansa, ko a hana shi shiga majalisa. Ya haɗiye. Na biyu ya taɓa mutanensa: a ce ya bar wata rundunarsa a baya don a ceci kayan sarki, ko ya miƙa mataimakinsa ga hukunci kan laifin da bai yi ba. Ya bi, amma wani abu ya karye tsakaninsa da dakarunsa, kuma ka nuna shi a aikace: an daina zama kusa da wutarsa da dare, gaisuwa ta gajarta. Na uku ya taɓa ainihin abin da ya rantse a kai: a ce ya kashe yarima ƙarami, ko ya ƙone garin da ya miƙa wuya.

Kada a bar shi da hanya biyu kawai a jarrabawa ta uku, wato biyayya ko tawaye. Sojoji na gaske suna da hanyoyi da yawa a tsakani. Yana iya jan ƙafa har umarnin ya rasa amfani. Yana iya neman a rubuta umarnin da hatimi a gaban shaidu, sanin cewa babu mai son sunansa a kai. Yana iya bin lafazin umarnin ya bar manufarsa. Yana iya ajiye takobinsa a gaban sarki ya ce a naɗa wani. Yana iya ƙin bi sannan ya miƙa kansa ga hukunci. Wadda ya zaɓa ita za ta bayyana amsar tambayar farko, wato amanar wa yake riƙe da ita, kuma dole ta dace da abin da ka shuka tun babi na ɗaya.

Tsafi da rantsuwa

Tunda masarautar almara ce, marubuci yakan so ya ɗaure barden da rantsuwar tsafi wadda za ta kashe shi idan ya saɓa. A yi hattara. Mutumin da ba zai iya cin amana ba ba mai amana ba ne, ɗaurarre ne, kuma biyayyarsa ba ta gaya mana komai game da zuciyarsa. Idan dole sai an sa tsafin, a bar masa ƙofa mai tsada: yana iya warware rantsuwar amma zai rasa idonsa, ko ƙarfin hannun damansa, ko tunanin matarsa da 'ya'yansa. Wata dabarar ita ce tsafin ya karye a tsakiyar littafi ba tare da kowa ya sani ba sai shi, ya kuma ci gaba da tsayawa a bakin ƙofa. Haka nan idan akwai madubin tsafi ko aljani mai kai saƙo nan take, to ka riga ka kashe jinkirin labari da aka yi bayani a sama, don haka ka sa wa abin iyaka: sau ɗaya a wata, ko mutum ɗaya ne yake iya amfani da shi, kuma wannan mutumin yana da nasa ɓangaren a fada.

Bakinsa da kurakuransa

Kada ya riƙa yin huɗuba a kan amana. Mai riƙon amana ba ya yawan ambatonta. Wasu ne suke faɗa a bayan idonsa, wasu da yabo, wasu da ba'a. Maganarsa ta zama ta aiki: yawan dawakan da suka gurgunce, kwanakin da ruwa zai kai, sunan wanda ya mutu jiya. A gaban sarki, tsawon gaisuwarsa ma'auni ne. Ranar da ya saba cewa "Allah ya ja zamaninka, ranka ya daɗe" sannan ya tsaya a "na ji" kawai, mai karatu zai fahimci abin da ya faru ba tare da an yi masa bayani ba.

Ka kuma raba rashin son siyasa da rashin wayo. Mutumin da ya iya karanta tarkon abokan gaba a daji ba zai kasa ganin tarko a zaure ba. Ya fi daɗi a ce ya ga tarkon sarai ya kuma shiga, domin ƙin amsa kiran sarki shi ne hujjar da maƙiyansa suke jira. Aibinsa ya fito daga jikin amanar tasa: yana rufe ido ga zaluncin ubangidansa, yana tsananta wa na ƙasa da shi don ba ya iya tsananta wa na sama, yana barin iyalinsa su biya farashin rantsuwar da ba su yi ba. Ka ba shi mataimaki mai kaifin baki wanda zai riƙa tambayarsa abin da mai karatu yake son tambaya, kuma ka tabbata a wani babi mataimakin ne yake da gaskiya, barden kuma ya san haka, amma da asuba ya sa a ɗaura wa dokinsa sirdi ya kama hanyar fada.